Jaridar yanki da tsara shafi: ta ina matashi zai kama, kuma za ta riƙe shi?

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Matasa da yawa suna gama difloma a aikin jarida ko kwamfuta, su dawo gida Auyo ko Miga ko Garko su zauna, gidajen rediyo babu gurbi, jaridun birni ba sa ɗauka. Idan ɗayansu ya ce zai riƙa fitar da 'yar jaridar yankinsa mai zaman kanta, shi ne mai neman labari kuma shi ne mai tsara shafi, ta ina zai kama? Kuma abin zai riƙe shi, ko dole sai ya raɓi wani ɗan siyasa?

Malamin Jarida:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin maganar kwamfuta ko takarda, ya zauna ya amsa wa kansa tambaya guda: wane labari ne in bai kawo ba babu mai kawowa? Abin da gwamna ya faɗa a Dutse ko Kano, kafin ya kunna kwamfutarsa Freedom Radio da BBC Hausa sun gama da shi, Aminiya ta sa a shafinta. Can ba wurinsa ba ne. Wurinsa shi ne nawa aka sayar da tiyar gero da ta riɗi a Gujungu ranar Lahadi, nawa ta koma a Shuwarin ranar Litinin, yaya dabbobi suka yi a Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a. Ko an ƙara sakin ruwa daga Tiga da Challawa, ina kacalla ta toshe hanyar ruwa, wane gari ya kamata ya fara ɗaure jinga. Asibitin mazaɓa ma'aikaci nawa ke kwana, firamaren gari malami nawa ne a takarda, nawa ne a aji.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, a shekarun 1950 kuma NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, Kano tana da Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma. Waɗancan na hukuma ne. Wannan kuwa babu mai ba shi albashi, amma babu mai riƙe masa alƙalami.

Ɗaukar farashin kasuwa ma yana da ƙa'ida, kuma da shi nake so yaro ya fara, don a nan ake koyon gaskiyar lamba. A tambayi masu sayarwa uku a layi daban-daban, a rubuta na tsakiya. A riƙa ɗauka a lokaci guda kowane mako, domin farashin hantsi ba shi ne na la'asar ba. A fayyace ko na tiya ne ko na buhu, ko kuɗin da manomi ya karɓa ne ko wanda dillali ya sayar. Tiyar wata kasuwa ta fi ta wata ciki, saboda haka a ɗora ta a sikeli sau ɗaya a san nauyinta kafin a kwatanta garuruwa biyu. Manomi in ya gwada farashinka sau uku ya tarar daidai ne, ranar da ka kawo labarin asibiti zai yarda da kai.

Baba Mai Ɗab'i:
Malam ya yi maganar abin da za a rubuta, bari in yi ta takarda, don a nan yara ke ƙona kuɗinsu. Shafukan jarida huɗu-huɗu suke tafiya, 4, 8, 12, saboda duk takardar da aka ninka shafi huɗu take bayarwa. Mai farawa ya tsaya a shafi 8 girman A4 sau ɗaya a wata, ko shafi 4 duk mako biyu. Wanda ya ce shi kaɗai zai fito kowane mako, ba zai yi nisa ba.

In kwafi 200 ne ko ƙasa da haka, kada ya je wurin injin faranti, wato babban injin maɗaba'a da ake ɗora wa rubutu a kan farantin ƙarfe. Takardar A3 mai giram 70 ko 80, a buga gaba da baya a injin kwafi na Riso ko babban injin fotokwafi, a ninka. Kwafi ɗaya takarda biyu yake ci, 200 sun ci 400, bai kai rim ba tunda rim 500 ne. Jera shafukan ne abin lura. Takarda ta farko, 8 a hagu 1 a dama, bayanta 2 da 7. Ta biyu 6 da 3, bayanta 4 da 5. Duk shafi biyun da suka zauna tare, in ka haɗa lambarsu 9 za ka samu, in jaridar mai shafi 12 ce kuma 13. Ya ninka farar takarda da hannunsa ya rubuta lambobin kafin ya taɓa kwamfuta, in ba haka ba sai an gama bugu duka zai ga shafi na 3 ya faɗa inda ba wurinsa ba.

Daga kwafi 500 zuwa sama, Kord 64, wato injin faranti, ta fi sauƙi, domin kuɗin faranti sau ɗaya ake biya, yawan kwafi ne ke narkar da shi. Babbar takarda mai inci 24 da 36 in aka raba ta biyu tana ba da 18 da 24, shafi huɗu na A4 ke zama a kowace fuska. Ke nan jarida mai shafi 8 rabin babbar takarda ce, faranti biyu in baƙi ne zalla, kwafi 1,000 kuma rim ɗaya na babbar. A ƙara wajen kashi 5 cikin 100 saboda wadda za ta lalace kafin tawada ta daidaita. Kord launi ɗaya take bugawa a zagaye guda, don haka cikakken launi faranti huɗu ne a kowace fuska, takarda ta shiga inji sau huɗu. Shawarata a yi baƙi, in ana son ado a ƙara launi ɗaya tak a sunan jarida.

Rubutu kuma ya zama baƙi tsantsa, wato a cikin launuka huɗu na bugu baƙi (K) ya zama 100, sauran ukun sifili. Wanda aka kwaso daga Word ko Canva sau da yawa baƙinsa haɗin launi huɗu ne, da faranti ɗaya ya ɗan goce sai kowane harafi ya fito da inuwa. Da damina kada a ajiye rim a ƙasa, kada a buɗe ledarsa sai ranar bugu, takarda mai sanyi lanƙwashewa take ta maƙale a inji. Da hunturu kuma mannewa take da juna, sai an karkaɗa ta sosai kafin a ɗora.

'Yar Ringim:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Wa zai karanta? Waɗanda farashin riɗi da labarin asibiti suka fi shafa mata ne a cikin gida da manoman da boko bai zauna musu ba, su kuwa kunne suke ba labari. A ganina murya ce ta farko, takarda ta biyo baya.

A karanta labaran mako cikin minti uku, kada ya wuce, a tura a WhatsApp. A fara da sunan jarida da kwanan wata, saboda saƙon murya yawo yake, bayan wata biyu wani zai ji tsohon farashi ya ɗauka na yau ne ya ɗora kayansa a mota. Kowace lamba a faɗe ta sau biyu. A ɗauka a ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, waya ta yi taƙi ɗaya daga baki. Ɗakin siminti da babu kaya a ciki amsa-kuwwa yake, maganar ba za ta fita ba. Rukunin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma in an bar kowa yana turo nasa, nan da nan zai koma wurin barka da Juma'a da tallan 'yan takara. A rufe shi sai mai gudanarwa, a ba da lamba daban ta aiko da labari ko gyara. Masu ƙananan wayoyi kuma, a kai fayil ɗin wurin masu cajin waya da masu tura karatu a tasha su riƙa sa wa mutane a memori.

Sannan kada a tura PDF ɗin jaridar takarda a ce an yi ta waya. Shafi mai layi uku, wato wanda aka raba rubutunsa gida uku a tsaye, a fuskar waya sai an yi ta ja da yatsa, mutum ya gaji ya rufe. A yi kati daban, faɗi 1080 tsawo 1350, labari ɗaya a kati ɗaya, kalma 50 zuwa 60, da sunan jarida da kwanan wata a jikin kowanne.

Baba Mai Ɗab'i:
'Yata, ban ƙi taki ba. Amma ba a kafa hujja da saƙon murya a gaban kansila. Takardar da ke teburin mai shayi mutum ɗaya ke karantawa goma na ji, kuma baɗi tana nan. A fitar da duka biyun daga rubutu ɗaya. In kuɗin shafi 8 ya gagara, a buga A2 fuska ɗaya a liƙa a tasha da kemis da bakin masallacin Juma'a, bayan an nemi izinin dagaci da masu wurin.

Yaya Mai Zane:
Ƙanena, abin da ke fara tona asirin sabon mai tsara shafi a Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da manyansu. Matsala biyu ce. Ta farko, zubin harafin da ka zaɓa, wato font, ba shi da su, sai kwamfuta ta aro daga wani zubin ba tare da ta gaya maka ba. A fuskar kwamfuta ba za ka lura ba, a takarda sai ka ga kowace ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri ko ta karkace, ko akwati ya fito a madadinta. Kafin ka amince da kowane zubi, rubuta Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ da siririnsa da kakkauransa da karkataccensa, ka ƙara girma ka duba. Charis SIL, Gentium, Andika, Noto Serif da Noto Sans duk suna da su kuma kyauta ne. Yawancin zubin ado da ke Canva da PixelLab ba su da su.

Ta biyu, tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi da Rabi'at ko Abdalla, zubin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Sun yi wa Hausa aiki babba a lokacinsu, amma sun ɗora haruffan ne a kan wasu maɓallai, shi ya sa in ka sauya zubi ko ka tura a waya sai ka ga }asa da ]aya da ~ata. In marubuci ya kawo irin wannan, a yi nemo-ka-sauya sau shida, ƙanana uku manya uku, kafin a zuba a shafi. Manhajar buga haruffa kuwa, a waya Gboard yana da Hausa, a kwamfuta Keyman. Sai alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, Word kan juya ta farko baibai ta koma alamar buɗe zance, a bi a gyara.

Shimfiɗar shafi kuwa, A4 faɗinsa milimita 210. Bar 12 kowane gefe, saura 186. Layi uku da tazarar milimita 5 tsakani, kowanne ya tashi kusan 58 da rabi. Rubutun jiki lamba 11, tazarar sheɗara 13, kada ka sauko ƙasa da 10 da rabi don dattawa ne rabin masu karatunka kuma da fitilar waya wasu za su karanta. Da kan labari da hoto ɗaya, shafi zai ɗauki kalma 650 zuwa 750, ka gaya wa masu rubutu tun farko don kada ka koma matse harafi. Zubi biyu sun isa jarida duka, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. Kashe yanka kalma ta atomatik, da ƙa'idar Turanci take yankawa, za ta raba maka sh ko ts ko ƙw gida biyu. Kuma a siririn layi kada ka tilasta gefen dama ya daidaita, ramuka za su buɗe a tsakiyar rubutu. Bar shi a sake.

Hoto mai faɗin layi biyu milimita 122 ne, yana buƙatar ɗigo wajen 1,450 a faɗinsa in ana son 300 a kowane inci. Wanda aka yi ta turawa a WhatsApp ya riga ya mutu, a ce a turo shi a matsayin fayil. Ka mayar da shi baƙi-da-fari da kanka, ka haskaka tsakiyarsa fiye da yadda ido ke so a kwamfuta, domin tawada baje wa take a takarda mara sheƙi, fuskokin mutanenmu su koma duhu ɗaya ba a gane kowa.

Gardi Mai Kwamfuta:
Allah ya gafarta malamai, akwai mai karatu na uku da ba a ambata ba, wanda ya yi allo bai yi boko ba, kuma a ƙauyukanmu ba kaɗan ba ne. Kamfanin Triumph a Kano ya daɗe yana buga Alfijir da ajami, ke nan akwai masu karantawa. Ba sai an juya jarida duka ba. Rabin shafi ya isa, farashin kasuwa da sanarwar rigakafi da gargaɗin ambaliya.

Amma a yi shi da hannun da almajiri ya sani, na Warshu, fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, da ɗigon imala na wasalin e. In ka sa zubin Larabcin Gabas, zai karanta ƙaf a inda ka nufi fa. Akwai zubi kyauta mai suna Alkalami da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi a kan rubutun Kano, akwai kuma Harmattan. Wasali dole ne a cika shi duka, ajami babu wasali ba ya karantuwa, don haka tazarar sheɗara sai ta kusa ninka ta boko. Tsohon CorelDRAW, manhajar zane, yakan wargaza haruffan ya jera su daga hagu. A rubuta a manhajar LibreOffice ko sabon Scribus, a fitar da PDF, a shigo da shi. In duk wannan ya yi wuya, a sami alaramma mai kyan hannu ya rubuta da baƙar tawada a farar takarda, ya fi girman da ake so da rabi, a ɗauka da sikana a ɗigo 600 a kowane inci, baƙi-da-fari, a rage. Kada a ɗauka da kyamarar waya, takardar za ta fito toka-toka.

Hajiya Edita:
Duk wannan kwalliya ce in labarin bai tsaya da ƙafarsa ba. Bari in ɗauki wanda yaranmu suka fi so, aikin gwamnati da aka yasar, don a nan suka fi faɗawa rami.

Kuɗin da aka sa a kasafi daban, wanda aka saki daban, wanda aka biya ɗan kwangila daban. Yaro zai ga miliyan kaza a kasafin jiha na gyaran asibitin garinsu, ya je ya ga ba a yi ba, ya rubuta an cinye. Mai yiwuwa ko sisi ba a saki ba. Abin da zai iya rubutawa shi ne an sa a kasafin shekara kaza, a shafi kaza, kuma ranar kaza da muka je ba a fara ba. Wannan babu mai iya ƙaryata shi. Kasafin Kano da na Jigawa ana sa su a intanet, kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, Tracka, shirin ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafi, kuma tana bin ayyukan mazaɓu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar nawa ya shigo kuma ta wace hanya ta ƙara nauyi, ga ƙananan hukumomi 44 a Kano da 27 a Jigawa, yawancinsu babu ɗan jarida ko ɗaya da ke zaune a cikinsu.

In ya je wurin, ya ɗauki hoton allon kwangila tukuna, akwai sunan kamfani da hukumar da ta bayar. Ya duba sunan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ya ƙirga abin da ake ƙirgawa, aji nawa aka rufa, famfo nawa ke ba da ruwa. Ya ji bakin mutum uku da ba gida ɗaya suke ba kuma ba jam'iyya ɗaya ba. Sannan ya kai wa wanda ake zargi tambayoyin a rubuce, ya ba shi kwana biyu ko uku, ya ajiye shaidar cewa ya kai. In bai amsa ba a rubuta haka.

Abin da ya fi damuna shi ne majiya. A ƙauye kowa ya san kowa. In ka rubuta wata ma'aikaciyar asibitin da ta nemi a sakaya sunanta, alhali mace ɗaya ce a asibitin, ka miƙa ta da hannunka. Hoton da aka turo a matsayin fayil kuma yakan zo da bayanin wayar da ta ɗauka, wani lokaci har da wurin, a goge kafin a wallafa. Rikicin manoma da makiyaya, kada a sa adadin mamata sai an ji daga ɓangare biyu da ba su haɗa baki ba, kada a sa hoton gawa, kada kan labari ya ɗora laifin mutum uku a kan ƙabila. Yarinyar da aka ci wa zarafi ba a faɗin sunanta, ba a faɗin na mahaifinta ko unguwarsu.

Lauyan Zaure:
Hajiya ta rage mini aiki. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar kafar yaɗa bayani, amma rediyo da talabijin sai da lasisi. Kada wani ya haɗa 'yar na'urar FM a ɗaki ya ce rediyon gari ce, wannan hurumin NBC ne, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin. Ta takarda, a yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, a nemi ISSN, lambar shaidar jarida ko mujalla, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda doka ta ce mawallafi mai zaman kansa ya kai masa kwafi uku na abin da ya buga. A Kano hukumar tace fina-finai da ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana da ruwa da abin da ake bugawa, a je a ji sharuɗɗanta tun kafin fitowar farko. Kowace fitowa ta ɗauki sunan mawallafi da na maɗaba'a da adireshi.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 makami ce da ba a amfani da ita yadda ya kamata. Wasiƙa ce kawai, ba sai ka faɗi dalilinka ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, in ta hana kana da kwana 30 ka je kotu. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ka nemi takarda takamaimiya, kamar takardar ba da kwangilar gini kaza da shaidar biyan kuɗinta, kada ka ce a ba ka duk bayanan ayyukan shekara. Ka je da kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya.

Ta ɓangaren haɗari, ɓata suna da ƙaryar da ke cutarwa laifi ne a Penal Code, kundin dokokin laifuka na Arewa, ba ƙarar diyya kaɗai ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi aka fi kama 'yan jarida da shi. An taƙaita shi a gyaran 2024, amma har yanzu ana kai mutane caji ofis da sunansa. Kalmar ana zargin ba ta wanke ka in ba ka da takarda. Littafin rubutunka da muryoyin da ka ɗauka, ka ajiye kwafinsu a wani wuri da ba wayarka ba, don waya ake fara karɓewa.

Ɗan Auyo:
Na gode ƙwarai iyayena. Saura rabin tambayar, Baba. Me zai ci?

Baba Mai Ɗab'i:
Ba daga sayar da jarida ba, wannan ya cire rai. In kuɗin kwafi ya mayar da kuɗin takarda an gode Allah. Abincinsa yana hannunsa na tsara shafi. Katin ɗaurin aure da kalanda da jota bayan kaka da gabanin azumi, shahadar sauka da takardar shirin walima ta Islamiyyu, katin sakamako da takardun jarrabawa na makarantun kuɗi a ƙarshen zango, littafin rasit na masu taki da injin casa, bana ta maulidi. Yanzu duk wannan sai an hau mota zuwa Haɗeja ko Dutse ko Kano. Wanda zai tsara a gari, ya tara aikin mutum biyar ya kai maɗaba'a a tafiya ɗaya, ya sami sana'a. Ya karɓi kashi 60 ko 70 kafin ya fara, kuma mai aiki ya sa hannu a kan samfurin gwaji, sunan ango da ranar ɗaurin aure da lambar waya, domin in an buga 500 da kuskure rigimar wa zai biya ce.

Talla a jaridar kuma, ya yi takardar farashi, rubu'in shafi, rabin shafi, ƙaramin akwati na cigiyar dabba ko sanarwar biki. Kuɗi kafin bugu. Lokacin zaɓe fasta ita ce kakarsa, ya buga wa kowace jam'iyya.

Hajiya Edita:
Nan ne ban bi Baba ba. Mai maɗaba'a zalla ya buga wa kowa, babu laifi. Amma wanda da safe ya tsara fastar ciyaman, da yamma ya rubuta labarin rijiyar da ciyaman bai gama ba, ko ya yi adalci mutane ba za su yarda ba, ko kuma ciyaman ya riƙe masa cikon kuɗinsa har sai ya yi shiru. Bashin ɗan siyasa linzami ne. In dole ne, to kuɗi a hannu gaba ɗaya, farashi ɗaya ga kowa, kuma kada sunan jarida ya hau fastar. A cikin jaridar, talla kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na shafuka, a rubuta Talla a samanta, a kewaye ta da layi, a sa mata zubin harafi daban da na labari. Kada mai talla ɗaya ya zama shi ke ɗauke da fiye da rubu'in kuɗin shiga, ranar da ya janye jaridar ta mutu. Na goro da ake miƙawa bayan taro kuma, wanda ya karɓa sau ɗaya gari duka zai ji kafin magariba, daga nan sunansa sojan baka.

Baba Mai Ɗab'i:
Hajiya, yaron da ya ƙi fasta a shekarar zaɓe ya ƙi rabin cinikinsa, kuma yunwa ma tana saye mutum. Na yarda da kuɗi a hannu da farashi ɗaya. Ƙin aikin gaba ɗaya ne ban yarda da shi ba.

Malamin Jarida:
Ku biyun kuna da hujja. Hanyar da na fi gani ita ce mutum biyu, ɗaya ya riƙe shago da talla, ɗaya ya riƙe labari, asusu biyu, littafin shiga da fita biyu, ko da kwamfuta ɗaya suke amfani da ita. Akwai kuma ƙofa ta uku. Kafofin birni irin su Solacebase a Kano da WikkiTimes a Bauchi da HumAngle suna aiki da rahotannin karkara, cibiyoyi kamar ICIR da CJID da cibiyar Wole Soyinka suna ba da horo da ɗan tallafin bincike lokaci-lokaci. Ba albashi ba ne, kada a gina gida a kansa. Amma abin da suke tambaya shi ne nuna mana aikinka, kuma fitowa shida a jere masu kwanan wata sun fi takardar difloma magana a wurinsu.

Yaya Mai Zane:
Ƙanena, in ƙara maka na kayan aiki. Laftof na hannu mai RAM 8 da SSD ya isa, batirinsa ya fi komai muhimmanci, sai ƙaramar sola da za ta caja shi da waya. Ya koyi CorelDRAW domin shi ke kan kwamfutar kusan kowace maɗaba'a a Kano, amma jarida mai shafuka ta fi daɗin yi a InDesign ko Scribus, wanda kyauta ne. Wata uku a gaban ofaretan inji yana kallon yadda ake ɗora faranti da yanka da ninki zai koya masa abin da aji ba zai koya masa ba.

Ranar kai aiki, kada ya kai fayil ɗin Corel a buɗe, kwamfutar maɗaba'a ba ta da zubinsa, za ta sauya masa, ƙugiyoyin su zube. Ya ajiye kwafi ɗaya da ake iya gyarawa, ɗayan ya mayar da rubutun zane ko ya fitar da PDF/X-1a da zubin a ciki. Duk hoton da ya kai bakin takarda ya zarce da milimita 3 saboda wuƙar yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla 5. Ya buga gwaji a firinta, ya ninka, ya ba wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da ƙarfi, kanu da bayanin hoto da lambobin farashi tukuna, don a nan kuskure ya fi ɓuya. Sannan ya tsaya a gaban inji har takardar farko mai kyau ta fito, ya duba gaba da baya a hasken rana, kafin ya ce a ci gaba.